Sau Bakwai Ya Kira

"Auta, mi take cewa?! Don Allah gaya min mi yarinyar ga take cewa!"

Inna ce ke girgiza min kafaɗa, wayar kuma tana hannuna.

A cikin gilashin wayar wata 'yar yarinya ce da ba ta wuce shekara shida ba, gashi ya cika mata kai, tana zuba magana da sauri cikin harshen da ban taɓa ji ba.

Idanun Yaya Habibu ne da ita.

Har wushiryar tashi ce.

"Ban sani ba, Inna... wallahi ban sani ba!"

Na gwada Faransanci, wanda da shi nake koyar da yara a lakol, makarantar boko. Yarinyar ta kalle ni, ta juya ta kalli Inna da ke ta miƙa hannu kamar za ta ciro ta daga cikin wayar, sai ta fashe da kuka. Wata Baturiya mai jajayen idanu ta karɓe wayar, ta faɗi wata doguwar magana, ta kashe.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

"Jinina ne... jikata ce, Auta. Ga ta ina gani, amma ko sannu ba zan iya ce mata ba."

Ranar kwana arba'in ke nan da rasuwar yayana Habibullahi. Shekara tara da suka wuce ya bar Gazawa ba da yardar Baba ba, shi da abokinshi Garzali, suka bi ta Agadas, suka ƙetare sahara da teku har Ispaniya. Can ya samu aiki a gonar tumatir, ya auri wannan matar, Nuriya, suka haifi Marwa. Baba ya yi rantsuwa ba za a ƙara kiran sunanshi a gidanmu ba. Ni kaɗai yake kira jifa-jifa, in ɓoye in nuna wa Inna hotuna. Satin da zai rasu ma mun yi magana, na ji muryarshi ta shaƙe, ya ce min mura ce.

Ashe ciwon huhu ne.

"A kira Garzali," in ji Inna tana share hawaye da bakin zane. "Duk garin ga shi kaɗai ke jin maganarsu."

 Shekara huɗu da aka maido Garzali gida saboda rashin takardu, amma ko gaisuwarshi Baba ba ya amsawa. A wurin Baba, shi ne ya yaudare mishi ɗa.

Kwana uku Inna tana roƙo kafin Baba ya ce, "Ku yi abin da kuka ga dama."

Da hantsi ya zo. Dogo, baƙi, ƙafafunshi duk taɓon lambu. Ya durƙusa nesa da tabarmar Baba.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

Baba ya ci gaba da jan carbinshi, fuskarshi na kallon bango.

Na kira lambar. Nuriya na ganin Garzali ta kira sunanshi ta fashe da kuka. Suka gaisa. Daga nan ta hango Baba a bayanshi, sai muryarta ta canza. Ta yi ta magana tana nuna shi da yatsa, tana dukan ƙirji. Na ga Garzali ya sunkuyar da kai, gumi ya tsattsafo mishi a goshi.

"Mi ta ce?" Inna ta tambaya.

Garzali ya share gumin.

"Tana yi muku ta'aziyya, Inna. Ta ce Habibu mutumin kirki ne."

"Duk wannan doguwar maganar?" na ce.

"Harshensu haka yake, Auta. Yana da tsawo."

Yana miƙewa Baba ya yi magana, ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka ga ƙofar da ka shigo? Kada ƙafarka ta sake taka ta."

Da yammacin ranar Nuriya ta turo min saƙon murya. Na saurara, ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na ji fushi a ciki. Na sa wa injin fassara na waya, ya kawo min shirme, don kuka ya haɗiye rabin maganar. Ban goge saƙon ba.

Washegari na ɗauki sabon kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik, na nufi gidan Yaya Kande, yayar Garzali, inda yake cin abincin rana.

"Yaya Garzali, so nake ka koya min."

"Mi fa?"

"Harshensu. Ko gaisuwa ce. Ina son in ce wa ɗiyar yayana ni ce gwaggonta."

Ya ture kwanon abincin gefe.

"In Baba ya ji fa?"

"Inna ta sani. Ta ce in an tambaya, ɗinki nake koyo wurin Yaya Kande."

Haka muka fara. Lokacin hutun lakol ne, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Kullum bayan la'asar muna zaune ƙarƙashin rumfar Yaya Kande, ita tana taka kekenta tana yi mana dariya.

"Ce *hola*."

"Hola."

"A'a, ba a furta harafin farko. *Ola*. Shi ne sannu."

"To mi ya sa suka rubuta shi?"

"Ki tambaye su in kin je."

"Mushe, ba ka iya koyarwa ba!"

Ranar na fara jin dariyarshi. Tun daga nan nake ce mishi Mushe, kamar yadda yara ke ce wa malaman lakol.

Ya koya min *buenos días*, ina kwana. *¿Cómo estás?*, ina lahiya. *Me llamo Hamdiya*, sunana Hamdiya, ya ce haruffan nan biyu da suka jeru a *llamo* kamar "ya" ake faɗinsu. Ya ce abin da zai fi min amfani shi ne *más despacio, por favor*, a hankali don Allah, domin mutanen yankin su Nuriya kamar ana korarsu suke magana.

Ran Lahadi ta uku na kira. Nuriya ba ta yarda ta fito ba, amma ta ba Marwa wayar.

Na ja numfashi.

"*Hola, Marwa. Me llamo Hamdiya. Soy tu tía.*"

Ni ce gwaggonki.

Yarinyar ta zaro ido. Ta rufe baki da tafin hannu ta ƙyalƙyale da dariya, ta ruga tana kiran uwarta, ta dawo tana haki.

"*¡Tía! ¡Tía Hamdiya!*"

Inna na gefena tana kuka tana dariya. Na nuna ta na ce *abuela*, kaka. Marwa ta sumbaci gilashin wayar. Ranar Inna ta cinye tuwonta tas, karo na farko tun rasuwar.

Da na ba Garzali labari, sai da ya juya min baya ya goge ido.

"Allah ya biya ki, Auta."

"Kai zai biya, Mushe."

Ban san ranar da abin ya shige ni ba. Na dai lura na fara zaɓen mayafi kafin la'asar. In hadari ya taso ya hana ni fita, sai in yini ina faɗa da kowa. Shi ma na ga ya fara wanke ƙafafunshi kafin ya zo, wata rana har da ƙamshin turare. Yaya Kande ta ce, "Ikon Allah! Ashe manomi ma na sanin turare?" Ya rasa inda zai sa kanshi.

Wata rana na tambaye shi kalmomin da ya fara koya.

Fuskarshi ta sauya.

"*Agua*, ruwa. *Ayuda*, taimako. *Barco*, jirgin ruwa. *No tengo papeles*, ba ni da takardu." Ya nuna min kayen in rubuta. "Kwana biyu muka yi bisa teku, Auta. Yayanki ne ya koya min su tun muna bakin gaɓa."

Na rubuta su duka, kowace da fassararta a gefe.

"Shi ya koya maka?"

"Shi ya tsara tafiyar. Sau biyu ina ƙi. Da na ga zai tafi shi kaɗai, na bi shi."

"To mi ya hana ka gaya wa Baba?!"

"Gara ya ji haushina da ya ji haushin ɗanshi."

Na kalle shi, ya kalle ni. Keken Yaya Kande ya tsaya.

"Hamdiya..." Ranar ya fara kiran sunana na yanka. "Ni ba kowa ba ne. Lambun da nake nomawa ma aro ne. Amma tun da kika fara zuwa gidan ga, na daina jin kamar a teku na bar raina."

Na rufe fuska da kayena.

"Mushe, wannan ba ya cikin darasi..."

"Yana ciki, masoyiya. Shi ne babba."

Da gudu na isa gida ranar.

Sati biyu bayan nan muka shiga ƙidaya. *Uno, dos, tres*... har goma. Ya kuma gaya min kalmar nan ta *me llamo* asalinta kira ce, in an ce *llamó* ana nufin ya kira. Muka yi *siempre*, kullum, da *nunca*, ko sau ɗaya.

Washegari da rana ina tsintar wake a ɗaki, sai saƙon Nuriya ya faɗo min a rai. Na kunna.

Yawancin maganar ta wuce ni. Amma can tsakiya na ji wani abu. Na maido baya. Na sake maidowa.

*Llamó... siete veces... su padre... nunca...*

Ya kira. Sau bakwai. Mahaifinshi. Ko sau ɗaya.

Faifan waken ya suɓuce daga cinyata.

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba. A bakin lambunshi na same shi, yana gyaran shinge.

"Mi Nuriya ta ce ranar da ka zo gidanmu?"

Ya ga wayar a hannuna. Ya ajiye igiyar.

"Hamdiya, zauna..."

"Ba zan zauna ba! Sau bakwai wa ya kira?!"

"Yana gadon likita," ya ce a hankali. "Ya san ba zai tashi ba. Ya kira lambar Baba sau bakwai cikin kwana uku, yana son ya nemi gafara. Ba a ɗauka ba. Abin da ta ce ke nan. Ta ce a tambayi tsohon, mi ya sa."

Na dafa shingen.

"Ka dubi idon uwata ka yi mata ƙarya!"

"Na dubi tsoho mai furfura a gaban iyalinshi, na kasa."

"Wata biyu kana zaune da ni! Kana kirana masoyiya, kana ɓoye min yadda yayana ya mutu!"

"In Inna ta ji, gidanku ba zai koma daidai ba. Don Allah, Hamdiya, ki riƙe shi a cikinki..."

"Maƙaryaci! Da bakin da ka yi wannan ƙaryar ka ce kana sona. Wace zan yarda da ita?"



Na juya na tafi. Yana kirana ban waiwaya ba.

Na daina zuwa darasi. A cikin kwanakin ne Sharifu ya zo zance. Ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya daga Ɗankama, ya fi shekara yana nemana ina kaucewa, Baba kuwa yana sonshi. Ashe ya daɗe da sanin ba ɗinki nake koyo ba. Na shiga ɗebo mishi ruwa, na bar kayena bisa tabarma a zaure. Da na dawo na gan shi yana maida waya aljihu yana murmushi. Ban kawo komai a raina ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya shigo yana huci.

"Auta! Kawo min takardar nan!"

Ya fizge kayen, ya buɗe daidai shafin da Sharifu ya ɗauka a hoto. Baba ya yi lakol har aji shida, yana karanta boko.

"Jirgin ruwa! Taimako! Ba ni da takardu!" Ya buga shafin da yatsa. "Ashe gaskiya ne! Garzali ya kashe min ɗa, yanzu ke yake shiryawa ya bi da ke ta Agadas!"

"Baba, wallahi ba haka ba ne! Don Marwa nake..."

"Rufe min baki! Munafuka!"

Ya cusa kayen cikin murhun da Inna ke dafa miya. Ina kallo wuta ta lashe shi, wata biyu na wahalata, duk kalmomin da nake gaisawa da ɗiyar yayana.

"Shi ya raba ni da Habibu! Ko muryar ɗana ban ƙara ji ba har ya koma ga Allah, saboda wannan la'anannen!"

A nan ne bakina ya kuɓuce min.

"Sau bakwai ya kira ka, Baba."

Baba ya juyo ya kalle ni, na ci gaba.

"Yana gadon likita. Sau bakwai. Ba ka ɗauka ba."

Na zaci zai mare ni. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Sai na ga ya yi baya, ya dafa bango.

Ludayi ya faɗi daga hannun Inna.

"Malam..." ta ce a hankali. "Gaskiya ne?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Malam, ɗana ya kira ka yana mutuwa?"

Baba ya fita ko takalmi bai sa ba.

Daga ranar Inna ba ta ƙara yi mishi magana ba. Ba faɗa, ba kuka. Ta dafa abinci ta ba ni in kai mishi, ta koma ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ran Lahadi Marwa ta kira tana ta *abuela, abuela*, Inna ta ce in ce mata ba ta da lahiya. Cikin kwana goma ta zabge kamar wadda ta yi shekara tana jinya. Baba kuwa tun asuba yake tafiya gona, ba ya dawowa sai magariba.

Abin da Garzali ya ji tsoro ke nan. Ni na yi shi da bakina.

Da na kasa daurewa na tafi gidan Yaya Kande. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ya tafi."

"Ina?!"

"Gidan Rumji, wurin dangin innarmu. Lambun na kawun Sharifu ne, sun karɓe. Gari duk ya ɗauka wai yana safarar 'yan mata. Jiya a kasuwa wata ta tofa min miyau, Auta."

"Bai... bai bar min saƙo ba?"

"Ya ce ki ci gaba da kiran yarinyar. Ya ce kin iya abin da zai ishe ki."

Na durƙushe a gaban kekenta na yi kuka har muryata ta dishe.

Gero ya fara nuna ranar da Baba ya kira ni. Da hantsi ne, yana zaune gindin itacen bedin ƙofar gida, ya tsufa a sati uku.

"Auta, kira min matar."

"Baba, ban iya sosai ba..."

"Abin da kika iya ya isa."

Na kira. Marwa ta ɗauka, na ce mata *tu mamá, por favor*. Da Nuriya ta ga Baba sai fuskarta ta ɗaure, ta kai hannu za ta kashe.

"*¡Por favor!*" na ce da ƙarfi. "*Mi padre... habla.*" Babana zai yi magana.

Ta tsaya.

Baba ya kalli wayar, karo na farko.

"Ce mata na ga kiran. Duk bakwai ɗin na gani, wayar tana hannuna. Ban san ba shi da lahiya ba. Na ce bari ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana shekara tara." Ya numfasa. "Na ce a raina, in ya kira na takwas zan ɗauka. Na zauna da wayar ina jira. Kwana biyu ina jira... sai ke aka kira, aka ce ya rasu."

Hawaye suka zubo cikin gemunshi.

Ta yaya zan faɗi wannan da 'yan kalmomina? Na lalubo abin da ke kaina.

"*Mi padre no sabe... Habib enfermo. No sabe. Mi padre dice... siete, no. Ocho, sí. Espera, espera... ocho nunca.*"

Bai san ba shi da lahiya ba. Bakwai, a'a. Takwas, i. Ya jira, ya jira. Na takwas bai zo ba.

Nuriya ta rufe baki da hannu.

"Ya ake cewa a yafe min?" Baba ya tambaye ni.

"*Perdón*, Baba."

Ya gyara zama. Mutumin da ban taɓa jin ya ba kowa haƙuri ba.

"Far... fardon. Fardon, ɗiyata."

Nuriya ta daɗe tana kuka. Sannan ta yi magana da sauri, na ce *más despacio, por favor*. Ta maimaita ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa yaro.

"Baba, ta ce yau ba za ta iya ba. Ta ce wataƙila wata rana." Na share ido. "Amma ta ce Yaya Habibu bai tafi da fushinka ba. Ya ce mata, babana ba mugu ba ne."

Sai na ji motsi a bayanmu. Inna ce tsaye a bakin zaure, ta dafa ƙyaure. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta juya ta koma ciki.

Bayan an kashe wayar Baba ya juyo gare ni.

"Ranar da yaron nan ya zo, wannan maganar ta faɗa mishi?"

"Ita ce, Baba."

"Ya ce ta'aziyya take yi."

"I."

"Na ƙi amsa gaisuwarshi a gaban mata, shi kuma ya rufa min asiri."

Na gaya mishi sauran. Wanda ya tsara tafiyar, da inda kalmomin shafin nan suka fito, da yadda aka yi Sharifu ya samu hoton. Da yamma Sharifu ya faka babur ɗinshi a ƙofar gida, Baba ya ce mishi ya juya tun bai kashe shi ba.

Washegari Baba ya sa babbar riga ya tafi tasha. Daga Gazawa zuwa Gidan Rumji sai an ratsa Agiye da Cadawa an wuce Maraɗi, ga shi mota na wahalar da shi. Bai dawo ba sai kashegari da azahar.

Shi kaɗai.

"Na ba shi haƙuri, ya haƙura," ya ce yana cire hula. "Na ce mishi gonata ta bakin fadama tashi ce in yana so. Na ce mishi har abin da ya fi gona, in ya nema zan ba shi." Ya kalle ni. "Ya ce ke kin kira shi maƙaryaci, kuma ba ki yi ƙarya ba. Jibi zai zo ya kwashe sauran kayanshi. Abin da ya rage tsakaninku ne."

Ranar na kira Nuriya, ba Marwa ba. Da guntayen kalmomi da nuni da hannu na ba ta labari. Da ta gane, ta yi murmushin farko da na taɓa gani a fuskarta, ta ba ni kalma ɗaya, ta sa na maimaita har sau biyar.

Ran da Garzali ya zo, na same shi ƙarƙashin rumfar Yaya Kande yana ɗaure buhu. Ya rame.

"Mushe..."

Hannunshi ya tsaya, amma bai ɗago ba.

"Ina yini, Hamdiya."

"Ka ce in riƙe a cikina, ban riƙe ba. Na kusa kashe Inna."

"Ni ma da na faɗi gaskiya tun farko, da ba a kai nan ba. Na yi ta tunani a can. Ba ni da ikon ɓoye muku mutuwar ɗanku."

"To mun yi laifi mu biyu."

"Mota na jirana a tasha."

Ya ɗaga buhun ya saɓa a kafaɗa. Yaya Kande ta harare ni ta ƙasan ido, kamar ta ce in kika bari ya fita, ke kika sani.

Na sha gabanshi. 

"*Quédate.*"

Ya tsaya cak.

"Mi kika ce?"

"*Quédate*, Garzali. Ka zauna. Kada ka tafi."

"Ban koya miki wannan ba."

"Ba kai kaɗai ne malamina ba."

Ya dube ni, idanunshi sun cika taf.

"Kin san in na ajiye buhun ga, ba zan ƙara ɗaukarshi ba? Ko kin sake kirana maƙaryaci?"

"Ka ajiye, masoyi. Don Allah ka ajiye."

Buhun ya faɗi tim a ƙasa. Yaya Kande ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura mana aure. Har yau Inna da Baba ba su koma kamar da ba, kuma ban san ko za su koma ba. Amma ranar da za a kai ni, su biyu suka zauna bisa tabarma ɗaya suka yi min nasiha. Da Baba ya zo sa min albarka muryarshi ta sarƙe, ya kasa ƙarasawa.

Inna ce ta ƙarasa mishi.